Yaron da Ya Ce “Me Ya Sa?”: Karatun Lissafi da Ƙididdiga a Jami'a

Jawabin da wani tsohon malamin lissafi, ɗan wannan reshe, ya gabatar a taron malamai da iyayen yara na Jega, Aliero da Maiyama

  

An nemi in yi magana a kan karatun lissafi da ƙididdiga a jami'a, ga shi kuwa ban taɓa koyarwa a jami'a ba. Shekarun aikina duk a gaban allo na yi su, tsakanin firamare da sakandare, sai da furfura ta fara leƙowa sannan na koma na yi digiri. Saboda haka maganar da za ku ji maganar malamin aji ce, wanda ya ga yaran da muke aikawa, ya kuma zauna a kujerar da suke zuwa su zauna.

Bara wani dattijo ya yi sallama a zaurena, riƙe da takardar shiga jami'a ta ɗansa. Yaron likitanci ya nema, makinsa bai kai ba, aka ba shi lissafi. Dattijon ya miƙo mini takardar kamar mai miƙa sammaci, ya ce, “Malam, wanga karatu, in ya ƙare mi za ya zama? Malamin makaranta?” A gidana, a kan tabarmata, ni malamin makaranta! Na yi dariya, shi ma da ya gane inda harshensa ya zame ya yi dariya, ya ce in yi haƙuri. Amma ban ga laifin tambayarsa ba. Mutum zai sayar da albasa da shinkafa shekara 4 yana biyan kuɗin makaranta, haƙƙinsa ne ya san abin da yake saye. Zan dawo kan amsar da na ba shi.

Mu mutanen wannan yanki ba mu da uzurin nisa yanzu. Dā wanda yake son digiri sai ya nufi Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko Sakkwato, inda aka kafa jami'a a 1975. A 2006, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero, wadda yanzu take ɗauke da sunan Malam Abdullahi Fodiyo na Gwandu. A 2013 kuma aka ƙara da ta tarayya a Birnin Kebbi. Ɗan Jega yana iya karya kumallo a gida ya tarar da darasin safe a Aliero, ɗan Maiyama ma bai yi nisa ba. Ginin ya zo ƙofar gida. Abin da ya rage a tambaya shi ne irin yaron da muke turawa cikinsa.

To me yaron zai tarar? A shekarar farko zai ga abubuwan da ya san kamanninsu, aljabra da awon kusurwoyi da farkon kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, kamar gudun mota ko cikar tanki. Zai ce ashe abin da sauƙi. A shekara ta biyu ƙasa takan zame masa. Zai buɗe littafi ya ga shafi guda cur babu alƙaluma sai magana, a ƙarshen tambaya kuma maimakon a ce “nemo amsa” sai a ce “tabbatar da cewa”. An riga an ba shi amsar, hujja ake nema. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, waɗanda suka ci lissafi da babban maki a WAEC, sun zauna sun yi tagumi a wannan gaɓa, domin shekara 12 muna koya musu yadda ake yi, ba mu taɓa tambayarsu dalilin da ya sa ake yin haka ba.

Bari in nuna muku abin da ake nufi da hujja, da tsakuwa irin ta 'yan dara. Tara 1 da 3, ka sami 4, wato 2 sau 2. Ƙara 5, ka sami 9, wato 3 sau 3. Ƙara 7, ka sami 16, wato 4 sau 4. Duk wanda ya lura zai ce, in dai aka ci gaba da tara lambobin mara bi da bi, kullum abin da zai fito wata lamba ce da ta ninka kanta. Amma wa ya ce haka zai ci gaba har abada? Ajiye tsakuwa ɗaya a ƙasa. Don ka mai da ita murabba'i mai biyu a tsaye biyu a kwance, sai ka kewaya ta da 3: ɗaya a gefe, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kusurwa. Don ka faɗaɗa shi zuwa uku-uku, sai ka sa biyu a gefe, biyu a ƙasa, ɗaya a kusurwa, 5 ke nan. Kowane sabon zagaye ya fi na bayansa da tsakuwa biyu, ɗaya a kowane hannu, kuma kowane zagaye murabba'i yake cikawa. Da ka ga wannan, ba ka bukatar gwada lamba dubu. Ka san dalilin, kuma dalilin ba ya ƙarewa.

Wani zai ce wannan ai neman wahala ne, in abu ya yi daidai sau goma ai ya isa. Ga abin da ya sa bai isa ba. Akwai lambobin da ba su rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, irin su 2, 3, 5, 7, 11. Wani masanin lissafi na ƙarni na 18, Leonhard Euler, ya lura da wata ƙa'ida: ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ƙara ita lambar, sannan ka ƙara 41. In ka ɗauki 1 za ka sami 43, ba ta rabuwa. In ka ɗauki 2 za ka sami 47, ba ta rabuwa. Haka za ka yi ta yi har 39, ko sau ɗaya ba ta saɓa ba. Mai gaggawa sai ya rantse ya gano doka. Da ka kai 40 sai ka sami 1,681, wato 41 sau 41, dokar ta rushe. Shaidu 39 sun yi magana ɗaya, na 40 ya ƙaryata su duka. Wannan tarbiyya ce ta hankali, kuma ita ce babban abin da ake sayarwa a sashen lissafi: kada ka karɓi magana don an maimaita ta, ka karɓe ta don ka ga ƙafar da ta tsaya a kai.

Yanzu zan tona asirin kaina, tunda a cikin 'yan uwa nake. A farkon aikina, a wata makarantar ƙauye, ina koyar da rabawa da ɓangaren lamba. Na rubuta ƙa'idar da aka koya mini: in za ka raba da rabi, juya shi ka ninka. Wani ƙaramin yaro a benci na baya ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, me ya sa? An ce rabawa ce, ga shi amsar ta fi abin da aka raba yawa.” Na ce haka ƙa'idar take. Ya sake cewa me ya sa. Na kira shi gaban aji na yi masa bulala biyu, na ce rashin kunya yake yi. Gaskiyar magana, ni ma ban san dalilin ba, bulalar kuma kunyata ce na rufe da ita. Yaron bai sake ɗaga hannu ba har ya bar ajina. Shekaru bayan haka, ina tsaye wajen mai awo a kasuwar Jega, amsar ta zo mini a banza. Mudu 3 na gero, in za ka auna shi da rabin mudu, sau nawa za ka ɗiba? Sau 6. Shi ke nan. Rabawa tambaya ce ta “sau nawa wannan zai shiga cikin wancan”, in ma'aunin ƙarami ne, dole yawan ɗiban ya ƙaru. Kowace mai sayar da hatsi ta san wannan a hannunta. Ni mai takardar shaidar malanta na doki yaro a kansa. Wannan yaron shi ne ainihin wanda sashen lissafi na Aliero ke jira, tambayar da ya yi ita ce karatun shekara ta biyu, ni kuwa na kashe ta tun yana aji biyar. Allah ya yafe mana. Na san ba ni kaɗai ba ne a ɗakin nan da ke da irin wannan labari.

Akwai kuma masu ganin lissafi baƙo ne da ya zo da boko. Su je zauren duk malamin da ke rabon gado su zauna. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi, duk ɓangarorin da yaranmu ke gudu a aji, da su ake yanke hukunci a kan gidaje da gonaki. Ga mas'ala sananniya: mace ta rasu ba ta bar ɗa ko iyaye ba, ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su biyun suna da sulusi biyu. In ka kasa dukiyar kashi 6, miji na neman 3, su suna neman 4, jimla 7, ta wuce abin da ke akwai. Tun zamanin Sayyidina Umar aka warware ta da abin da malamai ke kira auli: a kasa dukiyar 7, kowa ya ragu gwargwadon rabonsa. In naira 70,000 ce, miji ya ɗauki 30,000, 'yan uwan su ɗauki 40,000. Ita kanta kalmar aljabra daga sunan littafin Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangaren littafin kuma a kan wasiyya da gado yake. A ƙasar Hausa ma mun yi namu. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi ya tafi aikin hajji, ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin tsara hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Ba maganar tsibbu nake yi ba, kada a fita a ce na faɗa. Hatimi a wajen mai lissafi gidaje ne da ake jera lambobi cikinsu, kowane layi ya ba da jimla ɗaya. In gida tara ne, da lambobi daga 1 zuwa 9, kowane layi 15 yake bayarwa. Me ya sa 15? Domin jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, layuka uku ne, kowane ya ɗauki sulusi.

Ƙididdiga ƙanwar lissafi ce, amma halinsu ya bambanta. Lissafi yana neman tabbas. Ƙididdiga tana aiki a inda babu tabbas, tana koya wa mutum yadda zai yanke shawara da bayanin da bai cika ba, ya kuma san iyakar kuskurensa. Mai karanta lissafi duk sai ya ɗauki darussanta, wanda kuma yake son digiri a kanta ita kaɗai zai samu a Sakkwato da Zariya da wasu jami'o'in. Mu 'yan ƙungiya ya kamata mu fi kowa damuwa da ita, domin da ita ake cin mu a teburin tattaunawa. Ga misali, na ƙirƙira shi ne don a gane. Makaranta a cikin gari tana da yara 400 da malamai 20. Wata a ƙauye tana da yara 400 da malamai 4. In aka haɗa, yara 800 ne da malamai 24, kowane malami yana da kimanin yara 33. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Sai jami'i ya buɗe fayil ya ce muku ba a bukatar ɗaukar malamai, har ma kun fi ƙa'ida. Bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Amma malamin gari yara 20 ne a gabansa, na ƙauye 100. Matsakaici ya haɗiye ƙauyen. Wakilin da bai san ya ce “a nuna mana makaranta-makaranta” ba zai dawo ya ce mana an fi shi hujja, alhali tambaya ɗaya ce ta ƙwace masa.

Haka abin yake a gona. Manomin albasa a Aliero ya sa sabon taki a wata gona, ta fi ta bara kyau, sai ya ce takin ne. Wataƙila takin ne. Wataƙila kuma gonar ta fi kusa da ruwa, ko irin ya fi kyau, ko bana sanyi ya fi daɗewa. Yaya za a raba su? Wani Bature, Ronald Fisher, ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, a can ya tsara hanyar da duniya ke bi har yau: a yanka gona ɗaya ƙananan fegi da yawa, a jefa ƙuri'a a kan wanda zai sami takin da wanda ba zai samu ba, sannan a gwada amfaninsu. Ƙuri'ar ce ke hana son zuciya da sa'ar ƙasa su shiga cikin hukunci. Da irin wannan tsari ake gwada sabon magani a asibiti. Ilimin da aka haifa a gona ne, abin kunya ne a ce garin albasa ba shi da 'ya'yan da suka iya shi. Ko ajiya a rudu ma lissafi ce. Wanda ya ajiye buhu 100 yana jiran tsada, 30 suka ruɓe, yakan ɗauka in farashi ya hau da kashi 30 cikin 100 ya mai da kuɗinsa. Bai mayar ba. Buhu 70 suka rage, sai farashi ya hau da kusan kashi 43 cikin 100 kafin ya koma inda yake ranar girbi, ba a ma sa kuɗin gadi da ɗauka ba.

To, ga amsar da na ba dattijon nan. Na ce masa ba zan yi masa alkawarin aiki ba, domin a Nijeriya ta yau babu takardar da ke ɗauke da wannan alkawari. Amma ƙofofin da mai wannan digiri ke iya ƙwanƙwasawa suna da yawa: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Hukumar Ƙidayar Jama'a, wadda rabonta da ƙidaya tun 2006, bankuna, kamfanonin inshora da na fansho, sassan tattara bayanai na ma'aikatun lafiya da noma, hukumar zaɓe, da duk aikin kwamfuta da ke bukatar mai iya warware matsala. Na ƙara masa da sharaɗi guda, wanda nake so iyaye su riƙe: yaron ya koyi sarrafa bayanai a kwamfuta tun yana makaranta, ya iya Excel sosai, ya taɓa R ko Python, waɗannan biyun kyauta ake sauke su. Digirin ƙididdiga da aka yi shi da biro kaɗai ya zama kamar galma babu ƙota.

Sannan na ce masa, e, yana iya zama malamin makaranta, da yawansu ma hakan suke zama. Ban sunkuyar da kai ba da na faɗa. Farfesa Iya Abubakar lissafi ya koyar a Zariya kafin ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1975. Farfesa Grace Alele-Williams, mace ta farko da ta shugabanci jami'a a ƙasar nan, a Benin a 1985, malamar lissafi ce, masu cewa ba karatun mata ba ne su ji. Gwamnan jiharmu, Nasir Idris Ƙauran Gwandu, daga shugabancin ƙungiyar nan tamu ta ƙasa ya fito. Amma ba don waɗannan nake ɗaga kai ba. Kowannenku ya san makarantar da malamin wani fanni daban ke riƙe da lissafi don babu mai yi, yana karanta darasin da dare ya zo ya zuba shi da safe, in yaro ya ce “me ya sa” ya nemi bulala, kamar yadda na yi. Likitan da dattijon yake so ɗansa ya zama, ai makin lissafi da kimiyya ne ya hana shi, wannan makin kuma a ajinmu aka rasa shi. In duk mai kai ya guje wa lissafi, wa zai koyar da wanda zai zama likita gobe?

Ga iyaye, abu biyu. Na farko, ku duba darussan da yaro ya cike a fom ɗin JAMB kafin a biya kuɗi. Mai neman lissafi ko ƙididdiga dole ya rubuta Turanci da lissafi, sauran biyun kuma a duba littafin JAMB na shekarar a ga abin da jami'ar da ya zaɓa take so, kada a bar wa mai shagon kwamfuta ya zaɓa masa. Na biyu, in yaro ya dawo hutun shekara ta biyu ya rame yana cewa ba ya ganewa, kada ku yi saurin nema masa canjin sashe. Yawancinmu mun bi ta wannan rami. Ku haɗa shi da wanda ya wuce wurin.

Ga shugabannin reshe kuma ina da roƙo. Muna da malamai masu takardar NCE a lissafi da suka shekara goma ba su koma karatu ba, jami'a kuwa ga ta nan a Aliero. A sa batun hutun ƙaro ilimi da albashi cikin abin da za a kai wa hukumar ilimi ta kowace ƙaramar hukuma, a kuma tafi da jerin makarantu ɗaya bayan ɗaya, da yawan yara da yawan masu koyar da lissafi a kowace, mu da kanmu mu ƙirga. Sannan ko sau ɗaya a zango, malaman lissafi na Jega da Aliero da Maiyama mu haɗu a aji guda, kowa ya zo da ƙa'ida ɗaya da yake koyarwa bai san dalilinta ba. Ni zan fara, ina da guda uku.

Ɗan dattijon nan ya karɓi gurbinsa. Da hutun da ya wuce ya zo gaishe ni, ya zana mini hatimin nan mai gida tara a ƙasa, ya ce, “Baba, na gwada ta kowace hanya, 5 ce kawai ke zama a tsakiya. Na gano dalilin, amma ba zan faɗa maka ba.” Kwana biyu na yi a kanta. Na rubuta ta a allon da ke bayana, duk wanda ya samo hujjar, malami ko ɗalibi ko mai awo, ya kai wa sakataren reshe a buga a fitowa ta gaba.